Tarihin Sa Alexander Fleming, Wanda Ya Gano Penisilin Ya Kuma Yi Kashedi A Kansa

Da wuya a sami wanda ya taɓa shiga asibiti ko kemis, a Ikko ne ko Badun ko Anacha, wanda bai taɓa jin sunan penisilin ba. Amma in aka tambayi jama'a wane ne ya gano wannan magani, kaɗan ne za su iya faɗa. Sunansa Alexander Fleming, likita ne mutumin ƙasar Sikotilan, ya kuwa mutu tun cikin 1955. A wannan mako mun ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu tarihinsa, domin ban da gano maganin, akwai wani kashedi da ya yi tun 1945 game da yadda ake shansa, wanda ya shafi duk mai sayen kafso a tasha ko a bakin kasuwa, ya kuma shafi likitan da ke rubuta shi.

An haifi Fleming ran 6 ga watan Agusta, 1881, a wata gona da ake kira Lochfield, kusa da garin Darvel, a kudu maso yammacin Sikotilan. Ubansa Hugh Fleming manomi ne, makiyayin tumaki, yana da 'ya'ya 8 daga mata biyu, Alexander shi ne na 7. Yana da shekara 7 uban ya mutu, riƙon gona ya koma hannun uwarsa da babban wansa. Ya fara karatu a wata 'yar makarantar ƙauye, sa'an nan ya koma ta Darvel, inda kullum yakan taka mil 4 zuwa, mil 4 dawowa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Daga nan ya yi ɗan zama a makarantar Kilmarnock. Tashin da ya yi a karkara, yana bin tumaki yana lura da tsuntsaye da tsirrai, shi ya koya masa sa ido a kan ƙananan abubuwa, halin da ya yi masa rana daga baya.

Yana wajen shekara 14 aka tura shi birnin Landan wurin wansa Tom, wanda likita ne. Watau shi ma ɗan ci-rani ne, ya baro arewacin ƙasarsu ya gangaro kudu neman abin kansa. Bayan ya ƙara karatu kaɗan, sai ya kama aikin akawu a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa, ya shekara 4 yana cika takardu, aikin kuwa bai kwanta masa a rai ba. Yana da shekara 20 wani baffansa ya mutu ya bar masa ɗan gado. Wansa Tom ya ba shi shawara ya zuba kuɗin a karatun likita, ya kuwa bi shawarar, ya shiga makarantar likitoci ta Asibitin St Mary's a unguwar Paddington. Ya gama cikin 1906 da sakamako mai kyau ƙwarai, kuma a wannan asibiti ya yi aikinsa har ƙarshen ransa.

Da farko aikin fiɗa ya yi niyya. An ce abin da ya sauya masa hanya shi ne iya harbin bindiga, domin ƙungiyar maharba ta asibitin ba ta son ta rasa shi, sai wani daga cikinsu ya nemo masa gurbi a sashen bincike na Sa Almroth Wright, malamin da ya yi suna wajen allurar rigakafin taifot. A ƙarƙashin Wright ya koyi aikin ƙwayoyin cuta, waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda masana ke kira bakteriya. Sa'ad da Paul Ehrlich na ƙasar Jamus ya fito da maganin tunjere mai suna Salvarsan wajen 1910, Fleming yana cikin likitocin farko a Ingila da suka iya ɗura shi a jijiya.

DARASIN FAGEN FAMA

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke cikin 1914, aka tura Wright da yaransa garin Boulogne a ƙasar Faransa, suka kafa ɗakin bincike a wani tsohon gidan caca da aka mayar asibitin soja. Fleming ya kai muƙamin kyaftin. A can ya ga samari da yawa waɗanda harsashi bai kashe su ba, amma rauni ya ruɓe ya kashe su. Al'adar likitocin soja a lokacin ita ce su cika rauni da magunguna masu zafi irin su kabolik, da zaton za su ƙone ƙwayoyin cuta. Fleming ya yi shakkar wannan, ya ƙera wata kwalbar gwaji mai lungu-lungu kamar raunin da ɓaraguzan bam ke yi, ya zuba ƙazanta a ciki, ya wanke da maganin, ya nuna cewa ƙwayoyin da suka ɓuya a lungu suna nan da ransu. Ya kuma nuna cewa maganin yana kashe fararen ƙwayoyin jini, watau sojojin da jiki ke kare kansa da su, tun kafin ya kashe cutar. Ya buga wannan bincike cikin 1917, amma yawancin likitocin soja suka yi kunnen ƙashi suka ci gaba da abin da suka saba.

Daga wannan yaƙi ya dawo da darasi guda wanda bai taɓa sakinsa ba, cewa magani mai ƙarfi in aka sa shi inda bai dace ba, ɓarnarsa ta fi gyaransa. Tun daga nan ya shiga neman abin da zai kashe ƙwayar cuta ya bar jikin mutum lafiya.

Cikin 1915 ya auri Sarah McElroy, ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Ailan, suka haifi ɗa guda, Robert, cikin 1924, wanda shi ma ya zama likita.

A ƙarshen 1921 mura ta kama shi, sai ya ɗiga majinarsa a kan farantin gilashi da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki. Bayan 'yan kwanaki ya ga ƙwayoyin da ke kusa da majinar sun narke. Ya bi sawu, ya tarar da wani sinadari a cikin majina da hawaye da yawu da farin ƙwai, ya sa masa suna laisozayim. An ce har taro-taro ake biyan ma'aikatan ɗakin bincike su matsa ɓawon lemon tsami a ido don a sami hawayen gwaji. Sai dai sinadarin bai iya da manyan cututtuka ba, saboda haka duniya ba ta kula da shi sosai ba.

FUMFUNA A FARANTI

Cikin 1928 aka naɗa shi farfesa. A wannan shekara yana nazarin wata ƙwayar cuta mai suna sitafilokokas, wadda ke kawo maruru da ƙuraje da ruɓewar rauni. Shi kuwa mutum ne marar son kintsa teburinsa, sai ya tara farantansa a gefe ya tafi hutu da iyalinsa. Da ya dawo a farkon watan Satumba, ya ga fumfuna ta fito a ɗaya daga cikinsu, irin wadda kan fito a jikin burodi in ya kwana biyu. Wani da wurgar da farantin zai yi, amma shi ya lura cewa kewaye da fumfunar ƙwayoyin cutar sun mutu, na nesa da ita kuwa suna nan lafiya.

Ya reni fumfunar a cikin romo, ya tace ruwan, ya gwada. Ya tarar ko an sirka shi da ruwa har ninki 800 yana hana sitafilokokas yaɗuwa, yana kuma aiki a kan ƙwayoyin da ke kawo ciwon haƙarƙari da sanƙarau da ciwon sanyi, ga shi kuma ba ya taɓa fararen ƙwayoyin jini. Har ila yau ya lura cewa ƙwayar taifot da danginta ba su san ma yana yi ba. Ashe tun ranar farko an san wannan magani yana da cututtukan da yake ci da waɗanda ba ya ci. Dangin fumfunar ana kiransa Penicillium, saboda haka cikin watan Maris, 1929, ya raɗa wa ruwan suna penisilin, ya buga bincikensa a wannan shekara.

To, a nan ne aikin ya cije. Penisilin da ke cikin romon ɗan kaɗan ne, kuma da an taɓa shi sai ya lalace. Mataimakansa biyu, Stuart Craddock da Frederick Ridley, sun yi ƙoƙarin tace shi, abin ya faskara. Shi kansa Fleming ba masanin harhaɗa sinadarai ba ne, ba shi kuma da baiwar magana, in ya tashi gaban taro muryarsa ƙasa-ƙasa take, ba ya iya sa mutane su ɗokanta. Bugu da ƙari bai gwada maganin a kan dabbar da aka sa wa cuta ba. Haka aka yi kusan shekara 10 penisilin yana kwance, sai dai Fleming bai bar fumfunar ta mutu ba, yana kuma bai wa duk masanin da ya roƙa.

MUTANEN OXFORD

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin 1939 wasu masana a Jami'ar Oxford suka ɗauko aikin, watau Howard Florey mutumin Ostireliya, da Ernst Chain, Bayahude wanda ya gudo daga Jamus saboda Hitila, da kuma Norman Heatley, wanda ya ƙago hanyar tace maganin. Saboda ƙarancin kaya a lokacin yaƙi, har a cikin gwangwanayen madara da fo na majiyyata suka riƙa renon fumfuna. Ran 25 ga Mayu, 1940, suka sa wa ɓeraye 8 cuta mai kisa, suka yi wa 4 allurar penisilin, suka bar 4. Da gari ya waye, waɗanda aka bari duk sun mutu, waɗanda aka yi wa allura suna raye.

Ran 12 ga Fabrairu, 1941, aka gwada shi a kan wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander, wanda rauni a fuska ya ruɓe har cutar ta shiga jininsa. Cikin kwana ɗaya ya fara samun sauƙi. Maganin kuwa kaɗan ne, har sai da aka riƙa tace shi daga fitsarinsa ana sake yi masa allura da shi. Bayan kwana 5 ya ƙare ƙaf, cutar ta dawo, mutumin ya mutu cikin watan Maris. Wannan ya nuna wa likitoci cewa maganin yana aiki, ya kuma nuna musu abin da kan faru in aka yanke shi kafin ya gama aikinsa.

Florey da Heatley suka haye Amurka cikin 1941 neman taimako. A garin Peoria aka gano cewa ruwan jiƙon masara yana sa fumfunar ta yi albarka, aka kuma sami wani irinta mai yawan magani a jikin wani ruɓaɓɓen ɗan itace dangin kankana da aka samo a kasuwa. Kamfanoni suka duƙufa, har ya zamana lokacin da sojojin ƙawance suka sauka Faransa cikin watan Yuni, 1944, an tanadi allura fiye da miliyan 2.

Cikin Agusta 1942 Fleming ya roƙi penisilin wurin Florey ya warkar da wani abokin iyalinsa, Harry Lambert, daga sanƙarau. Jaridu suka ji, Wright kuma ya rubuta wa jaridar Times cewa yabon na Fleming ne. 'Yan jarida suka je Oxford, Florey ya ƙi ganinsu, suka zo wurin Fleming, shi kuwa ya karɓe su. Daga nan sunansa ya cika duniya, na mutanen Oxford ya dushe, abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, musamman ga Heatley. Har ƙage aka yi cewa penisilin ne ya ceci Winston Churchill cikin 1943, alhali kuwa maganin da aka ba shi M&B ne, wanda tsofaffinmu suka sani. Sarkin Ingila ya ba Fleming da Florey lambar Sa cikin 1944, sa'an nan cikin 1945 aka raba kyautar Nobel tsakanin Fleming da Florey da Chain.

KASHEDIN 1945

Ran 11 ga Disamba, 1945, Fleming ya yi laccar karɓar kyautar a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, ya kuwa rufe ta da gargaɗi. Ya bayyana cewa a ɗakin bincike abu ne mai sauƙi a koya wa ƙwayar cuta jure wa penisilin, in dai aka riƙa ba ta shi kaɗan-kaɗan, yadda ba zai kashe ta ba. Ya nuna tsoron zuwan ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti ba da sanin likita ba. Ya kawo misalin mutumin da maƙogwaro ke wa ciwo, ya saya ya sha abin da bai isa ba, ƙwayar ta yi tauri, ya sa wa matarsa, ita kuma ta kamu da ciwon haƙarƙari, aka yi mata penisilin bai ci ba, ta mutu. A ganinsa alhakin ranta yana wuyan mijin.

Yadda abin yake kuwa shi ne, ƙwayar cuta guda takan rabu biyu cikin kamar rabin sa'a, saboda haka a dare ɗaya sai ta zama miliyoyi. A cikin wannan taro ba a rasa 'yan kaɗan da halittarsu ta ɗan bambanta, waɗanda magani ba ya kamawa da sauƙi. In magani ya share masu rauni, sai ya bar wa masu taurin fili, su hayayyafa, har su miƙa wannan tauri ga wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba. Tun cikin 1940 Chain da abokin aikinsa Edward Abraham suka gano cewa wasu ƙwayoyin suna fid da wani sinadari mai farfasa penisilin. Masana na yanzu sun ƙara a kan maganar Fleming cewa ban da shan abin da bai isa ba, yawan shan maganin inda babu bukata shi ne babbar ƙofar wannan masifa, domin duk sa'ad da aka haɗiye shi, yana bi ta kan ƙwayoyin da ke zaune a hanji da fata, yana tace masu tauri daga cikinsu.

Ba a daɗe ba maganarsa ta tabbata. Wata likita mai suna Mary Barber a Asibitin Hammersmith na Landan ta nuna cewa zuwa 1948 fiye da rabin sitafilokokas da ake samu a jikin majiyyatan asibitin sun daina jin penisilin. Ita ce daga baya ta jagoranci kafa ƙa'idar yadda likitocin asibiti za su riƙa rubuta irin waɗannan magunguna, kada kowa ya yi gaban kansa. Majalisar Ingila kuma ta yi doka cikin 1947 ta hana sayar da penisilin sai da takardar likita.

Matarsa Sarah ta mutu cikin 1949, abin ya girgiza shi ƙwarai. Cikin 1953 ya auri Amalia, likita 'yar ƙasar Girka wadda ta yi aiki a sashensa. Ran 11 ga Maris, 1955, ciwon zuciya ya kashe shi a gidansa a Landan, yana da shekara 73. Aka ƙone gawar bisa al'adar wasu Turawa, aka binne tokar a babbar majami'ar St Paul, inda ake ajiye manyan mutanen ƙasar.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan mutuwarsa tseren ya ci gaba, ana fito da sabon magani, ƙwayar cuta tana cim masa. An fito da metisilin wajen 1960 don sitafilokokas mai tauri, amma cikin 1961 aka sami wanda ya bijire masa. Cikin 1976 aka gano ciwon sanyi wanda penisilin ba ya ci, aka kuwa bi asalin wani irinsa zuwa Afirka ta Yamma. Wani babban bincike da aka buga cikin 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara. Nijeriya ta fito da tsarinta na farko na yaƙi da wannan matsala cikin 2017, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma cikin 2024 ta ɗauki alkawarin rage waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030.

Ranar da Fleming ya ji wa tsoro ta riga ta zo mana. Wanda ke zaman baƙunci a Kurmi, yana dako ko gadi ko fataucin shanu da goro, sau da yawa ba ya son ya ɓata yini guda a layin asibiti, ga kuma wahalar harshe. Sai ya tsaya wurin mai tallan magani ya sayi ja-da-yalo ko amfikulos guda 2, ya haɗiye, gobe ya koma aiki. Ya kamata a sani cewa waɗannan magunguna ba sa maganin mura, domin ƙwayar mura bairos ce, ba sa kuma maganin gajiya ko ciwon jiki. Zazzaɓin cizon sauro yana da nasa gwaji da nasa magani. Jabun magani wanda ƙarfinsa bai cika ba yana yin ainihin ɓarnar da Fleming ya kwatanta, saboda haka a duba lambar NAFDAC, a kuma saya a kantin da ke da rajista.

In likita ya rubuta, a sha adadin da ya faɗa, a kan lokaci, har kwanakin da ya ƙayyade. Bincike ya nuna wasu cututtukan ba sa bukatar kwanaki da yawa kamar yadda ake zato a da, amma likita ne zai yanke wannan, kada majiyyaci ya yanke wa kansa. Kada a ajiye saura don wata rana, kada a ba maƙwabci ko yaro. Masu shanu da masu kaji su ma abin ya shafe su, domin dabbar da aka ɗura wa magani ba bisa ƙa'ida ba tana renon ƙwayoyi masu tauri, su kuwa suna iso mutum ta nama da nono da ruwan sha.

Likitoci da ma'aikatan jinya da masu kemis su ke da kaso mafi girma na wannan amana. Wajibi ne a binciki majiyyaci kafin a rubuta, a yi gwaji inda akwai halin yi, a fara da maganin da ya dace da cutar, a bar masu ƙarfin don ranar da babu makawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna kashi 3 cikin 2017, akwai na yau da kullum, akwai na taka-tsantsan, akwai kuma na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai sauran sun gaza. Majiyyaci kuma kada ya matsa wa likita sai an yi masa allura, ko ya ɗauka an raina shi don an sallame shi da shawara da maganin zazzaɓi kawai. A kowace shekara, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, duniya takan yi makon faɗakarwa a kan wannan al'amari. Muna fata sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Sabo da Agege da Shagamu da sauran wurare za su gayyato likitoci su yi wa jama'a bayani da Hausa, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.